Gaggawa Da Natsuwa: Abin Lura Daga Dajin Rugu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya saukar da ruwa bisa gwargwado, Ya fitar da abinci domin mutane da dabbobinsu. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, malamai sun saba yi wa jama'a wa'azi a kan halaye uku, watau natsuwa, da tausayi, da wadar zuci. Wa'azi ne mai daɗin ji ga wanda ya kwana lafiya ya tashi lafiya, rumbunsa cike da hatsi. Amma mutumin Batsari ko na Safana wanda aka kore masa shanu, aka raba shi da gonarsa, ko kuwa ya sayar da ita don ya fanso ɗansa daga daji, idan aka ce masa ya natsu, ya yi tausayi, ya wadatu da kaɗan, yana da hujja idan ya ɗauka ana yi masa ba'a ne. Saboda haka tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce: shin waɗannan halaye ado ne wanda mai kwanciyar hankali kaɗai ke iya ɗaurawa, ko kuwa su ne ginshiƙin da zaman mutane a kan ƙasarsu ya dogara a kansa? Tarihin Dajin Rugu yana da abin da zai ce a kan wannan.

Zaman da aka yi da dajin

Dajin Rugu yana yammacin Jihar Katsina ne, ya bi iyakarta da Jihar Zamfara, ya ratsa ƙasashen Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa ya yi kudu. Batsari ita ce mazaunin Sarkin Ruma, Safana kuwa ta Yariman Katsina ce. Garuruwa irin su Ruma da Wagini da Runka duk a inuwar wannan daji suka rayu. Daga cikinsa mata ke samun kaɗanya su yi man kaɗe, su sami ɗorawa su yi daddawa. Daga cikinsa ake samo kuka da tsamiya da zuma, da saiwoyin magani, da itacen girki, da azarar rufin ɗaki. Cikinsa kuma Fulani ke shiga da shanunsu da damina, domin su nisanci shuka.

Zaman manomi da makiyayi a wannan yanki ya ginu ne bisa sanin lokaci. Damina takan sauka wajen watan Yuni ta ɗauke wajen ƙarshen Satumba. A cikin waɗannan watanni gona ta manomi ce, shanu kuwa suna da burtalinsu da za su bi zuwa mashaya da makiyaya. In an girbe gero da dawa, an kwashe wake da gyaɗa, sai dagaci ya ba da sanarwar sakin gonaki. A nan ne manomi da kansa kan nemi Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, shi kuma ya ba shi dammunan hatsi. Matar ruga ta kawo nono gari ta koma da gero. Ba a rasa saɓani ba, don harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma idan shanu suka yi ɓarna akwai mai unguwa da arɗo da za su je su duba, a kimanta, a biya, a watse.

Hukuma ma ta taɓa gane amfanin wannan tsari. A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo, kuma dajin Ruma da Kukar Jangarai yana cikin wuraren da aka fara gwada aikin, aka haƙa madatsun ruwa, aka yanka dajin shiyya-shiyya da nufin a yi kiwo a wannan ɓangare a bar wancan ya huta. Manufar duka ita ce a ɗiba daga daji daidai gwargwadon abin da zai iya mayarwa.

Gaggawa iri uku

To, me ya rushe wannan zama? Dalilai suna da yawa, kuma wasunsu ba laifin kowa ba ne. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe dabbobi da itatuwa. Jama'a ta ƙaru ƙwarai: ƙidayar 1991 ta sami mutum sama da miliyan 3 da dubu 700 a Jihar Katsina, ta 2006 kuwa ta sami kimanin miliyan 5 da dubu 800, alhali ƙasar ba ta ƙaru ko da taƙi ɗaya ba. Makamai kuma sun kwararo daga ƙetare, hukuma ta yi nisa da ƙauye. Amma a ƙarƙashin waɗannan dalilai akwai wani hali guda na ɗan Adam wanda ya mai da wahala ta zama masifa. Alƙur'ani mai girma ya ambaci wannan hali a Suratul Isra'i aya ta 11, da Suratul Anbiya'i aya ta 37, inda ya siffanta mutum da yawan gaggawa. A ƙasar Rugu gaggawar ta bayyana ta fuska uku.

Ta farko ita ce gaggawar ci daga ƙasa. Itaciyar kaɗanya takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara ba da 'ya'ya, amma gatari kan kayar da ita kafin a yi azahar. Ƙirya da marke da suka shekara aru-aru aka mai da su gawayi, manyan motoci suka riƙa lodin itace zuwa birane. Gonar da a dā akan bari ta yi saura ta huta, aka shiga noma ta kowace shekara har ta gaji. Da ta gaji sai aka ƙara gaba, aka ci burtali, aka ci gefen mashaya, aka ci makiyaya. Makiyayi shi ma ya ƙara yawan garke a kan ciyawar da ke raguwa, ya sassare rassan itatuwa har ya kashe su. Kowa ya ga idan bai ɗiba yau ba wani zai riga shi gobe.

Ta biyu ita ce gaggawar hukunci. Da aka daina jiran mai unguwa da arɗo su taka gona su ga ɓarna da idonsu, sai ƙara ta koma hannun waɗanda ba su san gonar ba, ba su san rugar ba. Makiyaya da yawa sun yi kukan cewa akan ci su tara wadda ta ninka ɓarnar da aka yi, har mutum ya sayar da sa a kan abin da bai kai kuɗin akuya ba. Manoma da yawa kuma sun yi kukan cewa mai shanu kan saye shari'a. Wanda ya fid da rai daga samun adalci a gaban alƙali kuwa, zai neme shi ta wata ƙofa.

Ta uku, wadda ta fi muni, ita ce gaggawar ramuwa. Ɓarayi suka sace shanun Fulani da na Hausawa baki ɗaya. Waɗanda abin ya ishe su suka kafa ƙungiyoyin sa-kai, cikinsu akwai masu kare gari tsakani da Allah, akwai kuma waɗanda suka riƙa kama mutum a kasuwa saboda kamanninsa kawai. 'Yan bindiga su kuma suka riƙa faɗa wa ƙauye guda a kan laifin mutum ɗaya, ko ma babu laifin kowa. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari. A watan Afrilu na wannan shekara an kashe 47 a ƙauyukan Safana da Dutsinma da Ɗanmusa. A 2021 sai da Gwamnatin Jiha ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, ta hana motoci ɗauko itace daga daji, aka kuma yanke layukan wayar salula na wani lokaci. Dajin da ya ciyar da kakanni ya zama wurin da jikoki ke tsoron ambaton sunansa.

Suratul Baƙara, a aya ta 205, ta ba da siffar wani irin mutum wanda aikinsa a bayan ƙasa shi ne halaka shuka da dabbobi. Abin lura ne yadda ayar ta haɗa dukiyar manomi da ta makiyayi a wuri ɗaya, domin ɓarna idan ta zo ba ta tambayar ƙabila. Suratur Rum kuma, a aya ta 41, ta danganta bayyanar ɓarna a tudu da ruwa ga abin da hannayen mutane suka aikata, ta kuma nuna cewa ana ɗanɗana musu sashen sakamakon ne domin su komo.

Mene ne natsuwa?

Wajibi ne a bambanta natsuwa da lalaci, domin jahilci kan haɗa su. Malalaci ba ya yin aiki, mai natsuwa kuwa yana yin aiki a lokacinsa, bisa ƙa'idarsa, bayan ya duba ƙarshensa. Lokacin da tawagar ƙabilar Abdul Ƙaisi ta iso Madina, mutanen suka diro daga raƙuma suka ruga wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wani daga cikinsu da ake kira Ashajju ya tsaya ya ɗaure raƙuma, ya kintsa kaya, ya sake tufa, sa'an nan ya iso. Shi ne Annabi ya yaba wa, ya shaida masa cewa yana da halaye biyu da Allah Yake so, haƙuri da tsanaki. Imam Muslim ya ruwaito wannan yabo. Ashajju bai fasa zuwa ba, kuma bai bar raƙuma sun watse ba.

Addini ya sanya natsuwa cikin ibada tun kafin ya neme ta a kasuwa. Mutumin nan da ya yi salla cikin sauri, Annabi ya mai da shi har sau uku ya sake, kana ya koya masa ya natsu a ruku'u da sujada da zama. Wanda ake horar da shi sau biyar kowace rana ya tsaya har gaɓoɓinsa su zauna, ana shirya shi ne ya iya tsayawa a sauran al'amuransa. Suratul Hujurati, aya ta 6, ta umarci muminai su bincika labari kafin su aikata a kansa, don kada su cuci wasu mutane cikin rashin sani su wayi gari suna nadama. A zamanin da hoto ko saƙon murya ke zagaye ƙauyuka goma ta waya kafin a idar da sallar isha'i, wannan aya tana iya zama bambanci tsakanin rayuwar matafiyi da mutuwarsa.

Natsuwa kuma ta shafi abinci. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya shawarci mutanen Masar su yi noma shekara bakwai, su bar hatsin cikin zangarniyarsa sai kaɗan da za su ci, domin shekarun fari na tafe. Manomin ƙasar Katsina da ke zuba dammunan gero a rumbu ba tare da ya sussuke ba, wannan hikima yake bi ko ya sani ko bai sani ba. Wanda kuwa ya kwashe amfanin gonarsa ya kai kasuwa da kaka don biki ko ƙarin aure, shi ne zai sayi hatsin nan da tsada a watan Agusta, ko kuwa ya ɗauki gatari ya nufi daji.

Tausayi a matsayin doka

Mutane da yawa sun ɗauki tausayi a kan wani taushin zuciya ne wanda mutum ke yi in ya ga dama. A shari'ar Musulunci kuwa an gina dokoki a kansa, kuma da yawa daga cikinsu sun shafi ƙasa da ruwa da dabbobi. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa Musulmi suna tarayya cikin abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Annabi ya keɓe wani wuri da ake kira Naƙi'u a kusa da Madina ya zama makiyaya ta amfanin jama'a, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Irin wannan keɓaɓɓen wuri shi ake kira hima.

Abin da Umar ya umarci ma'aikacinsa Hunayyu da shi, sa'ad da ya ɗora shi a kan hima, ya isa darasi ga duk mai riƙe da daji a yau. Imam Malik da Bukhari sun kawo labarin. Ya umarce shi ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya yi hattara da garkunan manyan attajirai irin su Abdurrahman ɗan Aufu da Usman ɗan Affan. Dalilinsa shi ne, idan dabbobin attajiri suka mutu yana da gonaki da dabino da zai koma wa, talaka kuwa sai dai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar shugaba yana kuka, kuma ba shi ciyawa da ruwa ya fi sauƙi a kan ba shi zinariya da azurfa. Watau Umar ya ga tausayi shi ne mafi arahar hanyar mulki. A ƙasar Rugu, inda aka riƙa yanka wa mai hali daji ana ƙuntata wa mai shanu goma, an ga tsadar ɗaya hanyar.

Haka nan rikicin gona da garke ba sabon abu ba ne. Suratul Anbiya'i, aya ta 78 da ta 79, ta ba da labarin Annabi Dawuda da ɗansa Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su, game da tumakin da suka shiga shukar wasu mutane da dare. Malaman tafsiri sun bayyana cewa Dawuda ya hukunta a ba mai gona tumakin, Sulaimanu kuwa ya ga ya fi kyau mai gona ya riƙe tumakin yana amfani da nononsu da gashinsu, mai tumaki kuma ya yi aikin gonar har ta koma yadda take, sa'an nan kowa ya karɓi abinsa. Allah Ya yabi dukansu da ilmi, amma Ya ce Sulaimanu ne aka fahimtar da mas'alar. Hukuncinsa ya fi ɗaukar lokaci, sai dai a ƙarshensa babu wanda ya tsiyace. A Madina ma, da taguwar Barra'u ɗan Azibu ta yi ɓarna a wani lambu, Annabi ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan mai ita, tsaron dabba da dare kuma yana kan mai ita.

Magabatan ƙasar Hausa ba su jahilci wannan ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi musamman a kan hukuncin mallakar ƙasa, da raya matacciyar ƙasa, da harabar gari da ta rijiya, da hima. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje wasiƙa a kan tushen siyasa, inda ya kwaɗaitar da shi ga sauƙin hali da kula da manoma da masu sana'a da gyaran kasuwanni da hanyoyi. Saboda haka mai kira zuwa ga tsare burtali da makiyaya yana kira ne zuwa ga gadon gida.

Tausayin nan bai tsaya ga mutane ba. Bukhari ya ruwaito labarin wanda aka gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta don ta tsare kyanwa har ta mutu da yunwa. Ya kuma ruwaito cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga ciki, sadaka ce gare shi. Sayyidina Abubakar ya hana rundunar da ya aika Sham sare itace mai 'ya'ya. Idan an hana wannan a fagen yaƙi, to ina hujjar mai yin sa a ƙasar iyayensa don buhun gawayi?

Hujjoji biyu masu nauyi

Mai hankali zai iya kawo suka ta fuska biyu, kuma ba daidai ba ne a yi watsi da ita. Ta farko: talakan da 'ya'yansa ke kuka ba ya iya jiran kaɗanya shekara 15. Wannan gaskiya ne, kuma shari'a ba ta ɗora wa rai abin da ba ya iyawa. Amma mai ɗauko ƙirare a ka bai taɓa ƙarar da daji ba. Masu ƙarar da shi su ne mai mota, da mai ba da izni, da mai saye a birni wanda ke da halin amfani da wani makamashi. Nauyin natsuwa yana farawa ne daga mai hali. Haƙƙin talaka kuma a kan maƙwabtansa masu wadata shi ne zakkar hatsi da rance ba ruwa a tsakiyar damina, domin ya sami sararin da zai yi tunanin baɗi. Wanda ya hana maƙwabcinsa tiya biyar ta dawa ba shi da bakin yi masa wa'azi a kan itace.

Ta biyu ta fi zafi: shin tausayi ga wanda ya kashe mutane ba cin amanar waɗanda aka kashe ba ne? Mutanen yankin suna da dalilin yin wannan tambaya. A 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya shiga har bakin daji ya yi sulhu da 'yan bindiga, ba a daɗe ba yarjejeniyar ta warware. A 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa rundunar tsaro ta 'yan ƙasa. A 2025 kuma shugabannin al'umma a Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa suka zauna sulhu da mutanen daji, wasu suka yi murna don sun koma gona, wasu suka ce an saka wa mai laifi da girmamawa.

Addini bai bar wannan a duhu ba. Suratul Hujurati, aya ta 9, ta yi umarni da sulhu, ta yi umarni da yaƙar ɓangaren da ya yi zalunci har ya komo, kana ta shardanta cewa sulhun ya kasance bisa adalci. Suratul Ma'ida, aya ta 33 da ta 34, ta tsananta hukuncin ɗan fashi, ta kuma buɗe ƙofa ga wanda ya tuba kafin a ci ƙarfinsa. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa tubar tana kayar da haddin fashi, amma haƙƙoƙin mutane na jini da dukiya suna nan a wuyansa sai ya biya ko an yafe masa. Don haka sulhun da ya manta da gwauruwa da maraya, shi ma wani nau'i ne na gaggawa, gaggawar a ce an gama. Haka kuma ramuwar da ta faɗa kan yaron da ke kiwo ko matar da ke tallan nono zalunci ce, domin Suratul Ma'ida, aya ta 8, ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mumini ga barin adalci. Kare kai halal ne, tsaron gari wajibi ne. Abin da natsuwa ke nema shi ne a san wanda ya yi laifi da sunansa, a bar ɗan'uwansa da bai yi ba.

Shaida daga Maraɗi

Wanda ke shakkar cewa haƙuri yana iya mai da ƙasa, ya dubi arewa kaɗan. Ƙasar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ta fi Batsari ƙarancin ruwan sama, kuma a farkon shekarun 1980 gonakinta sun zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi. Wajen 1983 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara tohon kututturan tsofaffin itatuwa ne waɗanda saiwoyinsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Aka shawarci manoma su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kowane kututture su bari, su datse sauran. Wannan shi ne abin da mutanen can ke kira sassabin zamani. Da farko an yi wa masu yin sa dariya, ana cewa gonarsu ƙazama ce. Bayan shekara 20 da 'yan kai, masu bincike suka kimanta cewa an raya itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin kadada miliyan 5 a kudancin Nijar.

Babba a cikin itatuwan nan shi ne gawo, wanda Allah Ya yi masa wata ɗabi'a ta ban mamaki. Yakan zubar da ganyensa da damina, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani, lokacin da sauran itatuwa suka bushe, sai ya yi kore ya ba da inuwa da 'ya'yan da dabbobi ke ci. Itace guda yana yi wa manomi aiki rabin shekara, ya yi wa makiyayi aiki sauran rabin. Ba a kashe kuɗi wajen raya shi ba, illa dai an janye hannu daga sara, an jira. Kututturan nan kuwa suna nan a gonakin Ruma da Wagini da Runka kamar yadda suke a Maraɗi.

Ma'aunin da ke cikin ƙirji

Duk wannan yana komawa ne ga zuciya. Suratur Rahman ta ambaci ma'aunin da Allah Ya kafa tare da ɗaukaka sama, ta hana ƙetare haddi a cikinsa. Suratul Furƙani ta siffanta bayin Mai rahama da tafiya a kan ƙasa cikin sauƙi, da tsayawa tsaka-tsaki tsakanin almubazzaranci da ƙwauro. Annabi kuma ya bayyana cewa wadata ta gaskiya ita ce wadar zuci. Zuciyar da ba ta san ya isa ba, ko an ba ta Dajin Rugu dukansa za ta leƙa na Zamfara. Saurayin da ya ga sa'ansa ya sami babur da waya cikin dare ɗaya, idan ba a gina masa wannan ma'auni tun yana ƙarami ba, shi ne gobe zai zama mai kai wa ɓarayi labari. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, in ji Hausawa, kuma wahalar ba ta tsayawa ga mai kwaɗayin shi kaɗai.

Saboda haka aikin yana kan kowa gwargwadon matsayinsa. Liman ya sanya hukuncin burtali da mashaya cikin huɗubarsa kamar yadda yake sanya hukuncin alwala. Hakimi da dagaci su taka iyakokin makiyaya da ƙafarsu tare da arɗo, su ƙi sa hannu a kan yanka abin da yake na jama'a. Alƙali ya je ya ga ɓarna kafin ya kimanta ta. Manomi ya bar tohon gawo ko kalgo ko sabara a gonarsa bana. Makiyayi ya datse reshe ya bar uwar itace, ya kuma sa ɗansa makaranta. Mai waya ya riƙe labari a hannunsa har ya tabbatar. Masu zaman sulhu kuma su ajiye wa waɗanda aka zalunta wuri a kan tabarma.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai ba da amfani a mako guda, kuma mai yiwuwa ne wanda ya fara ba zai ga ƙarshensa ba. Imam Ahmad ya ruwaito cewa Annabi ya yi umarni ga wanda tashin Alƙiyama ya riske shi da dashen dabino a hannu, in yana da iko, ya dasa shi. Mumini ana tambayarsa ne a kan dashen, girbin kuwa yana hannun Ubangiji. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, gaggawa kuwa mutanen Batsari da Safana sun riga sun ga inda take kaiwa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mai da waɗanda suka yi gudun hijira gidajensu, Ya shiryi masu ɓarna ko Ya yi wa bayinSa maganinsu, Ya ba shugabanni ikon yin adalci, Ya saukar da damina mai albarka a kan gona da ruga baki ɗaya. Amin.